Kakata Ba Ta Cewa Gida

Duk wanda ya gaishe da kakata ya ce mata, "Yaya gida?" amsa ɗaya yake samu: "Masauki lafiya." In baƙo ne da bai san ta ba, sai ya ɗauka kunnenta ne ya yi nauyi, ya ƙara ɗaga murya. Ita kuma ta maimaita masa, ba fushi ba dariya. Mu da muka tashi a gabanta mun daina jin abin, kamar yadda maƙwabcin majema yake daina jin wari.

Masaukin da take faɗa gidanmu ne na Njamena, ta wajen Sabangali, 'yar tafiya kaɗan daga bakin kogin Shari. A cikinsa ta haifi mahaifina, a cikinsa aka haife ni, a cikinsa aka kawo mini amarya. Amma a wurin Kaka mu matafiya ne da suka sauke kaya su sha iska, gobe ko jibi za a ɗaura wa jakuna a ci gaba.

Maganar tana da asali. Ita da kakana sun baro ƙasar Kano tana amarya, lalle bai gama fita daga ƙafarta ba, suka bi ayarin masu niyyar Hajji a ƙasa. A zamanin nan tafiyar shekaru take ci. Mutum ya yi tafiya har guzuri ya ƙare, ya tsaya a wani gari ya yi sana'a, ya tara, ya ƙara gaba. Suka ratsa Barno har suka iso Kusuri, suka tarar da ruwa ya tare hanya. Masunta 'yan ƙabilar Kotoko ne suka ɗauke su a cikin wani babban jirgi na katako da aka ɗinke da igiya. A tsakiyar ruwa kakana ya kamfata da hannu ya ce, "Ruwan nan, ba za mu sake ƙetare ka mu yi yamma ba sai mun ga Ɗakin Allah." Kaka ta ce amin. Shi ya yi maganar, amma ita ta riƙe amin ɗin fiye da shekara sittin.

Abin da suka tarar a wannan gefen, in ji ta, ba gari ba ne, bariki ne da jela. Nasara sun kafa sansaninsu kusa da inda koguna biyu suka haɗu, suka sa masa sunan wani hafsansu da ya mutu a yaƙi can ƙetaren kogi, bakin mutanenmu ya murɗe sunan ya koma Fallomi. A bayan barikin akwai bukkokin sojoji 'yan kudu da matansu. Larabawan Shuwa suna shigowa da nono da man shanu da sassafe su fita kafin azahar. Barebari sun kasa kanwa da busasshen kifi. Akwai ragowar mayaƙan da Nasara suka ci da yaƙi, waɗanda suka ajiye bindiga suka koma fawa da gadi. Su kuwa Kotoko, da suka riga kowa zama a bakin ruwan, kallon baƙi suke yi wa duka, har da Nasaran. Kuraye suna zuwa har bakin mahauta, dorina tana kife jirgi in ta ga dama. Kowa daga wani wuri ya zo, kowa kuma cewa yake yi wucewa zai yi. Da yake ba mai jin yaren wani, sai aka haɗu a Larabci, shi ya sa har yau Hausarmu rabinta Larabci ce.

Kakana baduku ne, sojoji kuwa ba sa rabuwa da tsinkewar ɗamara da takalmi da linzami. Ya ce za su yi damina ɗaya. Damina ta wuce Kaka tana da ciki. Aka haihu, aka ce yaro ya yi ƙanƙanta da hanya. Yaro ya yi ƙwari, aka ce hanyar gabas ba lafiya. Hanya ta yi lafiya, Nasara suka ce sai da takarda. Ana cikin haka ya ja katanga saboda kuraye, ya yi ɗaki saboda ruwan sama, ya haƙa rijiya saboda kogi ya yi wa mai goyo nisa. Zazzaɓi ya ɗauke kakana lokacin da Baba, mahaifina, yake fara gemu, aka binne shi a maƙabartar da ke gabas da gari. Kaka takan ce, "Ko ba komai ya fi ni kusa da Makka."

Tun daga ranar da suka ƙetaro ba ta sake taka Kusuri ba, alhali in ka tsaya a bakin kogi kana hango masu wanki a can. Matan unguwa suna zuwa sayen atamfa da sukari su dawo kafin la'asar, ita ko rakiya bakin jirgi ba ta yi. Gorar ruwan da suka zo da ita da sandar kakana suna rataye a bangon ɗakinta, duk shekara sai ta sauke gorar ta shafe ta da mai. Da Baba ya samu hali ya shafe ɗakuna da siminti, ta hana a taɓa nata, ta ce, "Wa ya taɓa shafe zango da siminti?" Ba ta yarda a shuka bishiya ba, don matafiyi ba ya shuka abin da ba zai sha inuwarsa ba. Sai ga wata darbejiya ta fito da kanta daidai inda take alwala. Ta rantse ba hannunta a ciki, kuma gaskiya ne. Amma akuyar da ta kuskura ta kai baki wurin sai ta sha sanda.

A garinmu duk tsohuwa Hajje ake ce mata don girmamawa, ko ta je ko ba ta je ba. Kaka ba ta amsa wannan sunan. Ko yaro ne ya faɗa sai ta tsaya ta gyara masa: "Ban je ba tukuna."

Ni da ita wasan jika da kaka muke yi. Tana ce mini maigida, ina ce mata amarya. In na shigo da safe nakan ce, "Amarya, jakunan nan fa sun gaji da jira." Ta ce, "Ina laifinsu, an haɗa ni da malalacin miji, ko guzuri ya kasa haɗawa." Ba wai Baba bai yi ƙoƙari ba. Da jirgin sama ya zo, sau biyu yana shirya mata kujera. Na farko fari ya cinye cinikin goronsa, na biyu ciwo ya kwantar da ita har alhazai suka tashi. Muna da wani maƙwabci, ɗan kasuwa daga Kano da bai daɗe da zuwa ba, mai sayar da yadi da kayan roba. Shi ya tafi ya dawo cikin 'yan makonni da haƙorin Makka yana walƙiya. Kaka ta ce wannan Hajjin tsuntsaye ne. Amma da ya shigo gaishe ta, ta tsare shi da tambaya har shayinsa ya huce, kuma na ga kishi ƙarara a fuskarta.

Ranar da hukuma ta canza wa garin suna daga Fallomi zuwa Njamena, aka ce ma'anarsa da Larabci "mun huta", ba wanda ya kai Kaka murna. Ta ce, "Kun ji ko? Gwamnati ma ta yarda hutawa muka tsaya yi."

Yaƙi ya shigo gari sau biyu. Na farko mun yi shi a kwance a tsakar ɗaki, ya wuce, muka karkaɗe riga. Na biyu ya zo da bazara, kuma bai zo da niyyar tafiya ba. Mayaƙan, da muke kira kombatan, suka raba garin biyu, kowane ɓangare yana jefa wa ɗaya manyan harsasai ta saman kanmu. A lokacin ina gyaran rediyo a kusa da kasuwa. Na kwashe rediyoyin mutane na kai gida, ban sake buɗe shago ba. Duk wanda ka gani a titi da tabarma a ka, bakin kogi ya nufa.

Maƙwabcinmu na Kano ya shigo da sauri ya ce wa Baba, "Malam, ku tattara mu koma gida."

Baba ya ce, "Wane gidan?"

Ba gatse ya yi masa ba. Baba bai taɓa ganin Kano ba, ko hanyarta bai sani ba. Mutumin ya yi mana sallama ya tafi. Washegari muka tura mata da yara Kusuri, mahaifiyata da matata da sauran. Gida ya rage mu uku, Kaka da Baba da ni.

Kaka ta ce ba inda za ta. Ta ce mu mu tafi, ba mu muka yi alkawari ba. Baba ya ce shi ba zai bar uwarsa ba. Limamin unguwa, kafin shi ma ya ƙetare, ya zo ya zauna ya yi mata bayani mai kyau, cewa lalura tana sauke alkawari, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Ta saurare shi har ƙarshe, ta gode masa, sannan ta ce, "Malam, ranar da aka yi maganar ba ka nan." Na ja Baba gefe na ce mu ɗauke ta kawai, ai ba ta da nauyi, in ta yi fushi ta huce a can. Ya dube ni ya ce, "Uwata ba buhun gero ba ce."

Haushinsu duka biyu na ji, ba na ɓoyewa. Ina da mata da 'ya a ƙetaren ruwa, ga ni zaune ina jiran harsashi saboda wata magana da wani mutum da ban taɓa gani ba ya yi wa kogi. Na gwada wasa, na ce, "Amarya, ki zo mu je yawon amarci Kusuri." Ta ce, "Miji na gari gabas yake kai matarsa." Daga nan na bar ta.

Haka muka zauna. Akwai gero, akwai rijiya. Ni nake daka, Kaka tana tuƙa tuwo, tana yi mini tsiya wai dakana kamar na mai ciwon kafaɗa. In harbi ya yi tsanani mu shige ɗakinta, don bangon ƙasa ya fi na siminti kauri, abin da ba ta gaji da tuna mana ba. In ya lafa ta fito ta yi alwala a gindin darbejiya.

Wata safiya Baba ya fita neman gawayi, wani abu ya fashe a bakin layi, ɓarɓashin ƙarfe ya yanke shi a cinya. Da ƙafarsa ya dawo, yana cewa ƙwarzane ne. Muka wanke da ruwan gishiri muka ɗaure. Amma zafin bazara ba ya wasa da rauni. Cikin 'yan kwanaki ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Asibitin gari yana ɓangaren da ba ma iya zuwa, likitoci kuwa an ce suna Kusuri a cikin tantuna. Na ce masa ya tashi in kai shi in dawo wurin Kaka. Ya ce ya san in ya ƙetare ba zai iya dawowa ba, don haka ba zai ƙetare ba.

Da hantsi Kaka ta shigo ta ce in kwance ɗaurin. Ta sunkuya ta shinshina, ta daɗe a sunkuye. Ta ɗago ta ce, "Na zauna da baduku, na san warin fatar da ta fara lalacewa." Ta juyo wurina. "Maigida, sauko mini da gorar nan."

Na sauko da gorar da sandar. Na samo amalanke a gidan maƙwabta da suka gudu, na shimfiɗa Baba a ciki. Na ce ita ma ta hau, ta ƙi. Da ƙafarta ta taka har bakin kogi, tana dogara sandar mijinta, ni ina tura amalanke ina tsayawa ina jiranta. Ba ta waiwayi ƙofar gida ba.

Bakin ruwa cike yake da mutane da katifu da kekunan ɗinki da awaki. Ruwa ya ja baya saboda bazara, har wasu dogaye suna ratsawa da kaya a ka. Muka samu wani Bakotoko mai kwale-kwale, muka kwantar da Baba a tsakiya. Mai jirgin ya miƙa wa Kaka hannu ya ce da Larabci, "Yalla, Hajje, shigo."

Ta ce, "Ban je ba tukuna."

Ta shiga. Kowa a jirgin yana fuskantar Kusuri, ita sai ta zauna a juye, bayanta ga yamma, fuskarta ga gabas, gora a cinya. Mai jirgin ya ce ta gyara zama, ta yi kamar ba ta jin Larabci. Da muka rabu da gaɓa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka shaida, ni ban juya ba. Jirgi ne ya juya." Na ce na shaida.

Da yake a juye take, ita kaɗai ce take kallon garin yayin da muke nisa da shi. Sai daga baya na lura cewa tun ranar da ta zo ba ta sake ganinsa daga kan ruwa ba. Ta fara nuni da sanda. Can, inda dogon benen nan yake, nan ne bakin barikin. Can akwai wata tsamiya, a ƙarƙashinta suka yi kwanan farko, jakuna a ɗaure a jikinta. Inda hayaƙi yake tashi, nan matan Shuwa suke sauke ƙwarya. Daga nan har inda ido ya tsaya ciyawa ce da ƙaya. Ta nuna gabas ta ce mijinta yana can, da 'ya'ya biyu da ba su yi rai ba, waɗanda ban taɓa jin labarinsu ba sai ranar. Ta bi rufin kwano da hasumiyoyin masallatai da ido daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Sannan ta ce, "Ashe ya yi girma haka?" Mai jirgi yana ta fama da sandarsa a cikin yashi.

A Kusuri muka tarar da matanmu a wata rumfar zana a cikin dubban irinta. Likitoci suka yanke ruɓaɓɓen naman, ƙafar Baba ta tsira, ko da yake da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Kaka kuwa ta yi sanyi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba. Kwana kaɗan da zuwanmu na ga gorar nan a hannun yara suna ɗebo ruwa da ita a famfo. Na ƙwace na kai mata, ta ce in mayar musu, gora ai ta ruwa ce. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da na gani a yaƙin. In na ce mata amarya sai ta yi murmushi kawai, ba ta ramawa.

Maƙwabcinmu na Kano ya gano inda muke. Ya samu babbar mota mai zuwa Maiduguri, ya zo har rumfa ya durƙusa ya ce, "Iya, tunda an riga an ƙetaro, ki zo in kai ki garinku ki ga dangi." Ta ce, "Wa zan tarar? Allah ya kiyaye hanya, ɗana." Ya tafi shi kaɗai.

Da damina ta kankama, harbi yakan lafa na wuni ɗaya ko biyu, maza sukan ƙetara su dubo abin da suka bari. Ni ma na bi su wata safiya. Na tarar da gidanmu ba ƙofa, ba taga, an kwashe kwanon rufi duka. Rediyoyin mutane ko waya ba a bari ba. Ɗakin Kaka harsashi ya faɗa masa, ruwan sama ya ƙarasa sauran, ya zama tudun laka. Darbejiya tana tsaye, gefe ɗaya a ƙone, ɗayan ya yi sabon ganye. Na zagaya sau ɗaya, ban ga abin ɗauka ba, na kamo hanya.

Da la'asar na iso rumfa. Mahaifiyata tana tuƙa tuwo, Baba yana zaune ya miƙe ƙafa, Kaka tana kwance a kan tabarma ta fuskanci kogi. Ta ji sallamata ta ce, "Maigida, ka dawo?"

Na ce, "Na dawo, amarya."

Ta ce, "Yaya ka baro gida?"

Muciya ta tsaya a hannun mahaifiyata. Baba ya ɗago ya dube ni. Na jira ko za ta gyara maganar, ba ta gyara ba. Gaisuwa kuwa amsarta ɗaya ce, ko da me mutum ya gani.

Na ce, "Gida lafiya."

"Bishiyata fa?"

"Tana nan, har ta yi sabon ganye."

Ta ce, "To. In an daina harbin nan ka mai da ni."

Na ce to.

Ba a daina ba sai da sanyi ya shigo, ita kuwa ba ta ga ƙarshen damina ba. A Kusuri muka binne ta, yamma da ruwa. Aka kwantar da ita a kan damanta kamar kowane Musulmi, fuskarta tana duban Makka, gidanmu a tsakani.